Naɗin Tabarma a Unguwar Safa

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. Mai zuwa sayen cincin sai ta ajiye kwanonta ta gyara zama ta ce, "Binta, ya Jidda?" Mai zuwa karɓar dabino ma haka. Na ba da labarin nan a tsaye, na ba da shi a bakin murhu, har na lura kowa da guntun da take tafiya da shi. Wata ma ta je ta baza wai an ɗauke ni aiki a gidan abinci a Saudiyya. To ga shi nan daga farko, kowa ta karanta ta bar ni in yi suyata.

Ga wanda bai san ni ba, a Funtuwa nake, kuma sana'ata kayan biki: cincin, dubulan, alkaki, samosa, dambun nama. Yayata Rabi, wadda nake bi, ita ce a Jidda. Shekara ashirin da uku ke nan da aka aurar da ita ga Yaya Usman, dangin babanmu ne amma haifaffen can, kakansa ne ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba. Sau biyu kacal ta zo gida tun tafiyarta. Da Innarmu ta rasu shekara shida baya ba ta zo ba, daga nan maganarmu ta koma barka da sallah da "ya yara". Ban taɓa ce mata komai ba, amma ta san na riƙe ta a zuci. Sai ga kiranta wata rana, ta ce za a ɗaura wa 'yarta ta fari, Amani, aure, kuma mijinta ya nema mini bizar ziyara. Na ce zan duba. Maigidana da ke jin mu ya ce, "Ba abin da za ki duba. 'Yarki za a aurar."

Motar Kano na shiga da sassafe, ta Malumfashi da Gwarzo. Akwatina biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na tsaraba: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, da yajin ƙuli mudu guda da na daka da hannuna. Direba ya sa su a but, ya kuma ɗora akuyar wani bawan Allah a kai. Da na yi magana ya ce, "Hajiya, akuyar nan ta fi wasu fasinjojin natsuwa." Muna isa Kano na tarar natsattsiyar ta cinye rabin igiyar da na ɗaure akwatin tsaraba da ita. Mai akuya ya yi ta ba ni haƙuri, har ya kwance igiyar wuyanta ya miƙo mini, ya rungumi abarsa a ƙirji. Da igiyar akuya akwatin nan ya shiga ƙasa mai tsarki.

Ban taɓa hawa jirgi ba sai ranar. Allah Ya haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa daga Damagaram, Hajiya Zali, mai saro abaya da turare. Ta ce ta daina ƙirga zuwanta Jidda. Da jirgin ya zabura zai tashi ban san lokacin da na damƙe hannunta ba.

Ta ce, "Ke 'yar Najeriya, sake ni, ba ni ke tuƙin ba!"

Muka yi dariya, daga nan ta ɗauke ni kamar ƙanwarta. Ita ta nuna mini yadda ake kwance bel, ita ta cinye ɗan burodin da aka ba ni na ƙi, kuma kafin mu sauka ta sa na fito da takarduna ta duba. "Papiye a hannu, ba a jaka ba. In an tambaye ki abin da ba ki ji ba, ki nuna ni."

Ashe kuwa zan buƙace ta. A wurin duba fasfo wata ma'aikaciya ce da niƙabi, idanunta kaɗai nake gani. Ta nuna mini in ɗora yatsuna a kan wani ɗan gilashi. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Shekarun da na yi ina tsamo cincin a mai mai zafi sun shafe zanen yatsun, ga kuma lallen biki da na sha har ya yi baƙi. A karo na huɗu na ce shi ke nan, da jirgin da ya kawo ni za a mayar da ni, mutanen Funtuwa su samu abin faɗi. Hajiya Zali ta matso daga layinta suka yi Larabci. Sai matar ta buɗe aljihun tebur ta ciro ɗan man shafawa, ta matsa mini a tafin hannu, ta nuna in murza. Na murza, na ɗora, fitila ta kawo kore. Tana miƙo mini fasfo ta ce a hankali, "Sannu da zuwa, 'yar'uwa."

Na ce, "Laa! Ke 'yar wane gari ce?"

Idanunta suka yi dariya. "Ana... ni, Jidda. Kaka, Sakkwato."

A wurin duba kaya aka ce in buɗe akwatin tsaraba. Mutumin ya taɓa kuka, ya shinshina yaji ya yi atishawa, sannan ya kwance ledar daddawa. Sai da ya ja baya taku biyu. Hajiya Zali ta gaya masa kayan miya ne. Bai ƙara tambaya ba, da kansa ya rufe akwatin yana cewa, "Yalla, yalla."

Ƙofar fita na buɗewa iska ta buge ni kamar an ɗaga murfin tukunyar dambu. Zafin can da laima yake, ba irin namu mai busar da leɓe ba. Yaya Usman na tsaye da farar jallabiya, gemunsa ya yi fari fat, kusa da shi wata doguwar yarinya da na gane tun kafin a faɗa, don goshin Innarmu ne sak a fuskarta. Ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu, dama sau ɗaya, hagu ban san sau nawa ba, ni kuwa ina ta neman in durƙusa in gaida babanta. Ta ce, "Khala Binta! Ahlan! Sannu, sannu da... hanya." Khala a wurinsu ita ce 'yar'uwar uwa. Amani tana jin Hausa tsaf, amma in za ta mayar sai ta yi ta lalube, rabi ya fito da Larabci. Na duba bayansu ban ga Yaya Rabi ba. Na ce a raina, ashe ko taryata ba za ta iya ba.

Sai da muka hau bene na uku a unguwar Safa na ga dalili. Ita ta buɗe ƙofa, hannunta na dama naɗe da filasta tun daga yatsu har gwiwar hannu. Santsin banɗaki ya kwashe ta kwana goma kafin zuwana, ta hana a gaya mini. Ta yi ƙiba, ta yi furfura. Muka rungumi juna a gicciye saboda hannun, muka yi kuka kaɗan, sannan kowa ta koma cikin hankalinta, muka shiga gaisuwa kamar baƙi.

Zaman bene sai wanda ya saba. Kowa ƙofarsa a rufe, ba mai leƙowa ya ce a ba shi gishiri ko garwashi. Washegari na haɗu da wata maƙwabciya a lif, na shiga jero mata gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya maigida. Ta amsa sallamar farko kawai, sauran ta bi ni da ido har muka sauka. Ɗakin Amani aka sauke ni, na'urar sanyi na hurawa har sai da na nemi bargo a garin da ake narkewa a waje. Karin kumallo kuwa wake ne da aka dafa ya yi lugub aka zuba masa man zaitun, ana dangwala da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Ranar farko na ce wannan ai abincin rana ne. Rana ta uku ni ke fara kai hannu.

Kwana biyu da zuwana aka kai ni unguwar Hindawiyya gaida dangin ango. Can ne na ji kamar na dawo gida. Tsofaffin gidaje ne da lunguna, ƙofofi a buɗe, kana tafe kana jin Hausa tana fitowa ta taga, ga ƙamshin tsire, wanda su suke ce wa siriya. Babbar gidan ita ce kakar ango, Sitti Asabe. Ta haura tamanin, a nan aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakanninmu ce, ba gauraye. Ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko har yanzu kuraye na shigowa Katsina da damina, don haka babanta ya ba ta labari. Na ce sai dai masu ƙafa biyu. Ta yi dariya har da tari.

Aka kawo gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa a ƙara, ina shanyewa a ƙara. Ni a wurinmu mayar da abin da aka ba ka rashin kunya ne, sai na yi ta sha. A kofi na bakwai Amani ta raɗa mini, "Khala, girgiza finjal, haka," ta kaɗa nata. Ashe in ba ka kaɗa kofin ba, ba za a daina zuba maka ba har tashin duniya.

Muna shirin tafiya Sitti ta dubi filastar Yaya ta ce, "Uwar amarya da hannu ɗaya. To wa zai yi wa mata abin taɓawa ran milka?"

Milka ita ce ɗaurin aure a wurinsu. Maza su ɗaura a masallaci, mata su taru a gidan amarya. Shinkafa da rago daga waje ake sayowa, ba mai ganin laifi. Amma ƙananan abubuwan da ake zagayawa da su a tire kafin abinci, a gida ake yin su, kuma da su mata ke auna gidan da ɗansu ya shiga. Yaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ga ƙanwata. Duk Funtuwa ba wanda ya kai ta." Na ji daɗin maganar fiye da yadda na so in ji.

Ni na ɗauka samosa za a yi da cincin. Amani ta ce samosa ta azumi ce, kowa ya gaji da ita. Ita abin da take so shi ne lafayif, wanda ƙawayenta ke yi a taro. Ran Alhamis da safe, ana gobe milka, ta jibge kaya a kan teburin kicin ta ce, "Khala, sahal wallahi, ba wuya."

Ga yadda abin yake. Akwai wani burodi falle-falle mai faɗin faifai, kamar na shawarma amma ya fi laushi, sunansa totila. A shimfiɗa shi, a shafa masa farin cuku mai laushi kamar man shanu, siriri, har baki. A ɗan ɗiga wani abu rawaya mai yaji-yaji da tsami da suke kira khardal. A jera naman talotalo da aka yanko falle-falle kamar takarda, a ɗora fallen cuku rawaya, a barbaɗa kokwamba mai tsami da aka yanka ƙanana, sai ganyen latas. Kokwambar sai an matse ta a tishu, latas ɗin sai an goge shi ya bushe ƙarau. A bar wajen faɗin yatsa biyu a baki ɗaya ba komai sai cuku, shi ne zai liƙe. Sannan a naɗe tamau, a lulluɓe da leda mai mannewa, a sa a firji ya yi awoyi. In ya yi sanyi ya kama jikinsa, a sa wuƙar burodi mai haƙora a yanka dunƙule-dunƙule, kowane ka ga zobe cikin zobe, fari da ja da kore. Ɗanɗanonsa na sanwici ne, amma loma ɗaya.

Na ce, "Wannan ai naɗin tabarma ne. Ina wutar?"

"Mafi wuta, Khala, babu wuta."

"Abin da bai hau wuta ba shi za a ba surukai?"

Ta naɗe guda goma a gabana, tana ta nanata mini, "Shuwayya shuwayya, kaɗan kaɗan. In ya yi yawa, yana... yana fashewa." Ina gyaɗa kai, amma a raina ina cewa yarinyar da aka haifa jiya za ta koya mini cika abu. Da azahar ƙawayenta suka zo suka tafi da ita wurin lalle. Yaya ta sha maganin ciwon hannu barci ya ɗauke ta. Aka bar ni in naɗe guda arba'in.

Na dubi na Amani na ga rowa ce zalla. A Funtuwa in ka ba mutum samosa ya gatsa bai haɗu da nama ba, har jikokinka sai sun ji labari. Sai na ninka naman, na ninka cukun. Kokwambar na ce ai daɗinta a ruwan yake, na zuba ta yadda take. Na ga ba tumatir ba albasa, na ce mantuwa ta yi, na yanka na ƙara. Kowane naɗi ya fito ƙato kamar damtsen ɗan dambe. Na jera su a firji ina jin daɗin kaina.

Ran Juma'a bayan karin kumallo muka taru a kicin za a yanka. Na Amani aka fara, suka fito tsaf kamar an zana. Na ɗauko nawa na kwance leda, ruwa ya biyo hannuna. Burodin ya jiƙe ya zama kamar tsumma. Wuƙa na taɓawa ya wargaje, tumatir ta nan, nama ta can. Na ɗauko na biyu, haka. Na goma, haka.

Amani ta dafe kai da hannayenta masu lalle ta ce, "Ya Khala..." sai hawaye. Mata sittin aka gayyata, kuma can ba kamar nan ba ne, in an ce sittin to sittin ɗin ne za su zo, kowace da idonta. Naman talotalo ya ƙare. Shaguna a rufe sai an sauko Juma'a, Yaya Usman ya fita da mota wurin hidimar maza, kuma ko an samo da rana ba zai samu lokacin yin sanyi ba, don saboda tsofaffi an sa taron bayan magariba. Ni da aka yi kurari da ni a gaban Sitti, ni na ɓata. Na rasa inda zan sa fuskata.

Yaya Rabi ce ta fara magana. Ta ɗaga wani fallen nama da hannun hagu ta duba ta ce, "Naman bai lalace ba, burodin ne. A zare shi a goge." Ta juya ga Amani. "Totila nawa ta rage a kwali?" Akwai saura da yawa, cuku ma haka. Abin da za a ceto na talotalo ba zai wuce rabi ba.

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Akwai kaji?"

Akwai guda biyar a firiza. Na ce to a ba ni wuta. In dai ruwa ne matsalar, na san abin da ba ya da ruwa ko ɗigo. Na dafa kajin da albasa da citta har nama ya saki ƙashi. Na nemi turmi aka ce ba a daka a bene, na ƙasa za su kira 'yan sanda. Da hannu muka yage shi zare-zare, na soya a mai kaɗan ina juyawa har ya bushe ya yi wara-wara, na buɗe ledar yajin da na zo da shi na barbaɗa. Amani ta ɗanɗana ta zaro ido. Ita ce ta ce a cakuɗa dambun da farin cukun don ya kama, a sa latas amma a bar khardal. Wannan karon ban yi mata gardama ba. Ta naɗa ɗaya ta nuna mini, ta kama yatsuna ta danna su a kan burodin yadda zan riƙa ja ina matsewa. Sannan aka zo aka tafi da ita gyaran gashi.

Muka rage mu biyu. Yaya na shafa cuku da hagu, ni ina zubawa ina naɗewa. In na zo ƙarshe sai ta danne bakin da filastarta har in jawo leda. Muka naɗe kamar guda goma sha biyar. Sai ta dubi kwandon da muka zuba ɓatattun ta yi murmushi ta ce, "Hannun Inna gare ki. Haka take cika kwano har murfi ya ƙi zama."

Ban san lokacin da na ce, "Ashe kina tuna ta ba."

Ta ajiye wuƙar shafawa. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Binta, lokacin da Inna ta kwanta, masana'antar da Abu Amani, mijina, ke aiki ta canja hannu. Kafilinsa, wanda ke tsaya masa wurin hukuma, ya sauya, iƙamarmu, takardar izinin zama, ta ƙare, takardu suka maƙale wata tara. Da na fita, ba zan iya dawowa ba. Amani na sakandare, ƙannenta ƙanana. Wata tara ko bakin titi ba na zuwa sai dole."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"In ce me? Ku can kuna ganin wanda ke Saudiyya a aljanna yake. Kowa ya kira, a aiko da kaza, a aiko da kaza. In ce muku mijina na zaune a gida ba aiki? Ran da kika kira kika ce ta cika, a nan nake tsaye, wurin nan da kike. Na zauna a ƙasa, ban iya ko kuka da ƙarfi ba kada maƙwabta su ji."

Na ce, "Ni na ɗauka ƙasa ce ta yi miki daɗi."

Ta ce, "Na sani."

Daga masallacin unguwa aka fara huɗuba. Ta goge ido da gefen mayafi ta tura mini wata totila. "Naɗa, lokaci na tafiya. Kuma rage hannu, na ga kin fara."

Kafin la'asar firji ya cika. Gab da magariba muka yanka, suka fito zobe-zobe ba wanda ya fashe. Muka jera a tire, layi ɗaya na talotalo, layi ɗaya na dambu, kowane da tsinke a soke. Bakin-bakin da ake yankewa muka cinye a tsaye, shi ne abincin ranarmu.

Mata suka fara shigowa cikin baƙaƙen abaya, suna cirewa a bakin ƙofa sai ka ga kwalliya kamar ba su ba. Aka yi guɗa, tasu da harshe ake kaɗawa, ba ta hanci irin tamu ba. Amani ta fito cikin doguwar riga, na kasa daina kallonta. Aka fara zagayawa da tire, ni kuwa na laɓe a bakin kicin ina leƙe. 'Yan mata suka fi kai hannu kan na talotalo. Maƙwabciyar nan ta lif ta ɗauki na dambu, yaji ya sarƙe ta, ta sha ruwa, ta sake ɗaukar wani. Da tire ya isa gaban Sitti Asabe ta juya shi ta duba, ta zaɓi na dambu. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ce a kira mata wadda ta yi.

Na zo na durƙusa. Ta ce, "Yajin nan ba na nan ba ne."

Na ce daga Funtuwa na zo da shi.

"Da ƙuli da kimba. Rabona da shi tun uwata na da rai, alhazai ke kawo mata a ƙullin tsumma." Ta dubi ɗan zoben da ke hannunta. "Amma wa ya ce ku naɗe shi a wannan abu kamar sigari?"

Na nuna amarya. Sitti ta ce, "To, za ta iya riƙe gida." Ba ta ƙara yabo ba. Amma da za ta tafi, da idona na ga ta buɗe jaka ta shimfiɗa tishu ta jera guda shida a ciki.

Bayan biki na ƙara kwana tara. Yaya Usman ya kai mu Makka muka yi umra, wannan ba abin da baki zai iya faɗa ba ne, sai wanda ya je. An kai ni bakin teku na tsoma ƙafa na janye. Na shiga tsohuwar kasuwa na yi ciniki irin na gida, na taya rabin kuɗi, mai shago ya amsa mini da Hausa cewa ko a Kurmi ba a yi masa haka ba. Sauran ranakun a kicin muka yi su ni da Yaya, ina yi mata miyar kuka tana ba ni labarin shekarun da ban sani ba.

Ran da zan taho, da hantsi, kaya sun sauka ƙasa, Yaya Usman na cikin mota. Na sa mayafi ina neman takalmi, sai Yaya ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa. Ta ce, "Binta, akwai abin da nake son tambaya tun zuwanki, tsoro ya hana ni. Ta yi maganata kafin ta rasu?"

Ta yi. Kwana uku kafin ta cika, ina ba ta kunu, ta ba ni saƙo in kai wa Rabi. Haushi ya sa na riƙe, daga baya kunya ta hana ni faɗa, har shekara shida.

Na ce, "Ta ce in Rabi ba ta samu zuwa ba kada wanda ya ga laifinta, mai 'ya'ya a ƙasar mutane ba ta da ikon ƙafarta. Ta ce in gaya miki ta yafe miki duniya da lahira. Ta ce kuma ki rage shan ruwan ƙanƙara, tun kina ƙarama yake sa ki tari."

Yaya ta jingina da bango. Dariya ta zo mata tare da kuka, ta rasa wanda za ta fara.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ki yafe mini. Saƙonki ne, na zauna a kansa."

Ta zame ta zauna a ƙasa kusa da ni ta ce, "Sake faɗa. Yadda ta faɗa, kada ki rage komai."

Na sake faɗa. Daga ƙasa Yaya Usman ya danna hon sau biyu. Na yunƙura zan tashi, ta jawo ni da hannunta mai lafiya.

"Bar shi ya jira," in ji ta. "Sake faɗa mini."